Mai Raɗa wa Akwatuna Suna

Idan ka tsaya a bakin titin Ƙofar Guga ka buɗe wayarka wajen da take nuna waifai ɗin da ke kusa, ba za ka ga tarkacen haruffa da lambobin nan da kamfani ke liƙa wa akwatunan intanet ba. Abin da za ka gani shi ne Gidan Mai Goro, da Zauren Malam Dabo, da Sai Da Sallama, da wani ma wai shi Ba Na Bayarwa. Duk aikin mutum ɗaya ne, Malam Gidaɗo mai gyara, wani dogon Bafulatani siriri da ke da rumfa a gefen masallacin unguwa. Mutumin nan ya raɗa wa akwatuna sama da ɗari uku suna a cikin garin Katsina, amma shekara ashirin da uku bai taɓa buɗe baki ya kira 'yarsa ta fari da sunanta ba, ko sau ɗaya. Abin ya daɗe yana cin yarinyar a rai, shi kuwa bai san zurfinsa ba sai da tafiyarta ta zo kusa.

An haifi Gidaɗo a wata ruga da ke yamma da gari, tafiyar awa biyu a ƙafa. Tun bai kai tsawon sandar kiwo ba aka tura shi bayan shanu tare da yayansa Idi, wanda uba kawai suka haɗa, don Gidaɗo shi ne ɗan fari a wajen uwarsa. Ya san kowace saniya da sunanta, Wule da Saige da Ole, har 'ya'yansu da jikokinsu. In ya tsaya ya kira ɗaya, ita kaɗai za ta ɗago kai, sauran su ci gaba da cin ciyawarsu. A wajen mutanen ruga, dabbar da ba a sa mata suna ba ba ta zama taka ba tukuna, har yanzu ta kasuwa ce. Sai ga shekarar ciwon bushiya ta zo ta share garken, daga shanu sittin aka wayi gari da tara. Shanu tara kuwa ba sa bukatar makiyaya biyu.

Mahaifiyarsa, Halimatu Sa'adiyya, ita ce ta yi masa hanya. Kullum tana shigowa gari da ƙwaryar nono a ka, ta zauna a Ƙofar Guga ta sayar. Mace ce marar yawan magana, amma ba abin da ke wuce idonta. Ta lura ɗan nan nata ya kwance rediyon ubansa har sau uku a ɓoye, ya mayar, kuma rediyon bai daina magana ba. Cikin masu sayen furarta akwai Malam Sabi'u mai gyaran rediyo. Rannan ta dama masa fura, ta zuba nono har ya yi yawa, ta jira sai da ya sha rabi sannan ta ce tana da yaro mai hannu. Malam Sabi'u ya dubi ƙwaryar, ya ga ba halin musu, ya ce a kawo shi.

Shekara goma sha ɗaya Gidaɗo ya yi a wannan shago yana shaƙar hayaƙin dalma. Ya koyi rediyo, ya koyi kaset, ya koyi talabijin mai ƙaton baya wadda sai mutum biyu sun kama. A nan ya ga Hure, 'yar Ƙofar 'Yandaka, da ta kawo gyaran rediyon kakarta, ta tsaya a kansa tana gaya masa yadda zai yi aikin da ba ta san komai a kai ba. Shi ba ya magana, ita ba ta yin shiru, mutane suka ce ai an dace. Mahaifiyarsa ta ga aurensu, ta sa albarka, amma ba ta ga jika ba. Ta rasu Hure na da ciki wata biyar.

Kwana kaɗan bayan sojoji sun miƙa mulki sun koma bariki, gari na ta murna ana ta sayen batir don jin labarai, Hure ta haifi mace. Ba wanda ya tsaya shawarar suna, kowa ya san na marigayiya za a mayar. To fa, nan Gidaɗo ya shiga tsaka mai wuya ta fuska biyu. Ga ta 'yar fari, wadda Bafulatanin kirki ba ya ɗauka a gaban mutane, ba ya wasa da ita, ba ya kiran sunanta. Ga shi kuma sunan uwarsa ne, wanda tun da aka haife shi bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ana gobe suna ya sulale ya tafi ruga, ya bar wa Idi komai, huɗuba da yankan rago da karɓar baƙi da takardar haihuwa. Sai da aka kwana uku da watsewar taro ya dawo, yana sunkuyar da kai kamar wanda ya yi sata.

Mutanen gida suka yi wa yarinyar alkunya da Ummi. Hure, da yake 'yar birni ce, Ummi take cewa kai tsaye, wani lokaci har da ƙaraji. Shi kuwa gogan ko Ummin ba ya iya faɗa. In yana son ruwa sai ya ce a gaya wa waccan ta kawo. In ta durƙusa gaishe shi da safe, bango yake kallo ya amsa. Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Wallahi duk cikin 'ya'yansa babu wadda yake so kamarta, kuma Hure ta sani, don ita ke ganin yadda yake kasa cin tuwo in yarinyar na zazzaɓi. Haka aka yi masa, haka aka yi wa ubansa, shi a ganinsa wannan kau da kai shi ne mafi girman daraja da uba zai ba ɗa.

Sana'a kuwa ta yi ta sauya riga, shi ma yana sauyawa da ita. Kaset ya mutu, ya koma ɗaura dish ɗin talabijin a kan rufin mutane. Wayar salula ta shigo, ya sayi ƙaramin gilashin ƙara girma ya koyi cikinta. Ya buɗe rumfarsa, ya gina ɗaki uku da zaure a bayan masallaci, aka haifi Haulat bayan shekara tara, wadda ita kam har wuyansa take hawa tana ja masa gemu. Ba mai kuɗi ba ne, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba. Da safe koko da ƙosai, da rana aiki, da yamma shayi a rumfa tare da duk wanda ya zo. In an tambaye shi ya gari, sai ya ce sai godiya, kuma da gaske yake.

Maganar raɗa wa akwatuna suna ta samo asali ne daga gidan Alhaji Hashimu na Ƙofar Sauri, wani tsohon ma'aikacin gwamnati mai saurin fushi da raunin ido. 'Ya'yansa suka saya masa akwatin waifai don ya riƙa ganin jikokinsa na nesa a waya. Ashe a satin nan maƙwabcinsa na jikin katanga shi ma ya sayi irinsa sak, a shago ɗaya. Kowane akwati yana zuwa da sunan da aka sa masa tun daga masana'anta, na Alhaji RX-7C21, na maƙwabci RX-7C27, suna jere a waya ɗaya bisa ɗaya. Alhaji ya danna na ƙasa, ya sa lambar sirrinsa, aka ce ba daidai ba. Ya sake, aka sake hana shi. Kwana uku ana abu ɗaya. Ya tara yaran gida ya ce su suka sauya lambar, ya ƙwace wayoyinsu ya kulle a durowa, ya ce gobe zai mayar wa mai shago kayansa har da zagi.

Aka kira Gidaɗo. Ya zauna a zaure aka gaisa, aka tambayi iyali da aiki da zafi, ya bar Alhaji ya zazzage duk abin da ke cikinsa. Sannan ya juya akwatin ya duba 'yar takardar da ke manne a ƙasansa, ya dubi wayar, ya yi ɗan murmushi.

"Alhaji, ai kwana uku ke nan kana ƙoƙarin buɗe ƙofar maƙwabcinka da makullin gidanka."

Alhaji ya fashe da dariya har hularsa ta zame. Ya aika a buɗe durowa. Gidaɗo ya ce laifin ba na ido ba ne, laifin na wanda ya bar abu a gidan mutane ba suna ne, kuma in an yarda zai sa masa wanda ko ba tabarau za a gane. Alhaji ya yi tunani ya ce a sa Gidan Magatakarda, don da haka aka san gidansu tun zamanin kakansa. Da ya ga sunan ya fito a waya, ya riƙe ta nesa da fuska ya karanta har sau uku, ya fita ƙofar gida ya sake dubawa ko daga waje ma ana gani.

Daga ranar Gidaɗo bai ƙara haɗa wa kowa akwati ya bar shi da sunan kamfani ba. Ko kana sauri, sai ka zauna ka ba shi suna. In gida ya rabu biyu a kan wanda za a sa, ba ya tsoma baki, sai ya nemi tabarma ya jira, in da shayi ya sha. An taɓa riƙe shi daga hantsi har azahar a wani gida a Ƙofar 'Yandaka, maigida na son sunan kakansa, samarin gidan na son sunan ƙungiyar ƙwallo. Mutanen Katsina da son raha, nan da nan suka mayar da abin biki. Wani ya ba shi goro ya ce na suna ne, wata tsohuwa ta aiko masa da waina, aka fara kiransa liman.

Amma limamin nan yana da ƙa'idodinsa. Ba ya sa sunan Allah ko aya, don akwati in ya lalace bola ake jefa shi. Ba ya sa habaici, ko da maigida ya rantse ba da maƙwabci yake ba. Ba ya kuma sa sunan mace, saboda duk wanda ya wuce ta titi da waya a hannu zai karanta. Lambar sirri kuma, in ka ce ranar haihuwarka za a sa, sai ya yi maka faɗa ya ce kowane ɗan unguwa zai iya cankar wannan.

Duk wannan a kan idon Ummi aka yi. Ta taso yarinya mai kai, mai shiru irin na ubanta da kafiya irin ta uwarta. Tun tana firamare take kawo na ɗaya. Ranar da aka ba ta kyauta a sakandare, iyayen wasu suka cika rumfa, nata uban ya kai Hure a babur ya tsaya a bakin ƙofar makaranta har aka tashi, ya ƙi shiga. Ta gan shi ta cikin wayar shingen makarantar, ta ɗauka gajiya da taron ya yi. Ta yi jami'a ta karanta haɗa magunguna, ranar yaye su ma bai je ba, wai yana da aiki a Ƙofar Sauri. Hure ta sha gaya mata cewa kunya ce irin tasu ta mutanen daji, ba wani abu ba. Ummi takan ce ta sani. Amma sanin bai hana ta jin zafi ba duk lokacin da ta ji ya ƙwala wa Haulat kira da cikakken sunanta tun daga zaure.

Sai takardar bautar ƙasa ta fito, aka tura ta Kalaba. Gidaɗo ya tambayi wani direba da ke zuwa shan shayi nisan wurin, aka ce masa in an tashi da asuba sai washegari ake isa, in hanya ta yi kyau. Ya zuba wa direban sukari sau biyu.

Ana saura kwana huɗu ta tafi, Ummi ta shigo da kwali a hannu. Akwatin waifai ne. Abin dariya, gidan liman bai taɓa mallakar nasa ba, kowa da 'yar datar wayarsa yake lallaɓawa. Ta ce ta sayo ne don Mama ta riƙa ganinta a waya ba tare da hoto yana tsayawa ba. Ba ta kai wa ubanta ba. Ita da kanta ta sa layi, ta jona wuta, ta ɗora shi a kan kabad ɗin falo, ta haɗa wayar uwarta da ta Haulat. Hure ta ce ai sai a jira Malam ya dawo ya raɗa masa suna. Amsar da Ummi ta bayar ita ce Hure ta kwana da ita, ta kuma kawo wa mijinta da safe tare da koko.

Ta ajiye kofin, ta zauna, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce jiya ɗiyarka ta yi wata magana. Gidaɗo ya ce wace. Ta ce ka san wadda nake nufi, wadda ba ka da bakin kira.

"Cewa ta yi a bar akwatin haka nan. Wai shi ma ya zauna ba suna a gidan nan, kamar ita."

Gidaɗo ya riƙe ludayi bai kai baki ba. Hure ba ta tsaya nan ba, don in ta fara ba ta iya birki. Ta ce yarinyar ta gaya mata in ta samu aiki a can bayan ta gama, zamanta za ta yi, tunda ban da uwarta ba wanda zai lura ba ta nan. Ta ce ita ta gaji da fassara shi ga 'yarsa kamar wani baƙon Bature. Ta ce zamanin da uwarsa ta yi masa wannan kunya, ruga ɗaya suke kwana, yana ganin ta ajiye masa nono mai kauri ya gane. Wannan kuwa za ta tafi inda ba za ta ga komai ba, sai abin da aka faɗa mata. Ta ɗauki tirenta ta shige ciki.

Ranar bai yi aikin kirki ba. Ya ƙona yatsa da dalma, abin da rabonsa da yi tun yana shagon Malam Sabi'u. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, cewa yarinyar nan za ta hau mota ta tafi da tunanin ubanta bai damu da ita ba, ta yi aure a can, ta haifi nata 'ya'yan, ta riƙa ba su labarinsa a haka. Ya gwada a zuciyarsa yadda zai tsaya a tsakar gida ya kira ta. Ya motsa leɓe shi kaɗai a rumfa, sai ya ga fuskar uwarsa da ƙwarya a ka, harshen ya ƙi tashi. Ba taurin kai ba ne, abin ne ba ya fita.

Unguwa kuma ba ta bar shi ya huta ba. Washegari bayan sallar asuba, Malam Dabo mai zaure ya tare shi a bakin masallaci da waya a hannu, ya ce wani baƙo ya sauka a layin nan ba suna ba asali, haruffa da lambobi kawai, kuma in ya matso kusa da gidan liman sai baƙon ya ƙara ƙarfi. Aka yi dariya. Wani ya ce ko ragon sunan ne bai samu ba, a yi masa karo-karo. Gidaɗo ya yi yaƙe ya ce ana shawara tukuna. Ya yi ta juya sunaye a ransa, Gidan Gidaɗo, Rugar Yamma, har saniyarsu Wule ya tuna. Kowanne ya ɗauko sai ya ji ba shi ba ne, don ya riga ya san wanda ya kamata.

Ranar Alhamis bayan azahar, ana jibi tafiya, gida ya yi tsit. Hure na kicin tana soya wa matafiya dambun nama, Haulat na kwance a falo tana kallon wani abu a waya, Ummi na ɗaki tana ninke kaya. Gidaɗo ya zauna a zaure ya ciro wayarsa, ya shiga cikin akwatin kamar yadda ya shiga na mutum ɗari uku. Ya goge haruffan kamfani. Wurin ya zama fili, ɗan layin nan yana ƙyaftawa yana jiransa. Ya duba hagu ya duba dama, ba kowa sai wata akuya a bakin ƙofa. Ya fara dannawa da yatsan da ya ƙone, harafi ɗaya bayan ɗaya, gumi na bin bayansa. Bai taɓa rubuta sunan nan ba ma, duk takardun makaranta Hure ke cikewa. Ya tuna ƙa'idarsa ta sunan mace, ya ce a ransa yau dai liman ya karya. Ya sauya lambar sirri ita ma, ya danna ajiye, ya kife wayar a tabarma.

Shirinsa shi ne a yi abin shiru, yarinyar ta gani wata rana ita kaɗai, ba sai an haɗa ido ba. Kai jama'a, mutumin da ya fi kowa sanin cewa da zarar an sauya wa akwati suna duk wayoyin gida sai sun yanke, sai kowa ya buɗe jerin sunaye ya nemi sabon da idonsa. Har yau yana cewa mantawa ya yi. Hure ta ce ƙarya yake, bai manta ba.

Ba a yi minti ɗaya ba Haulat ta fito tana ƙorafin waifai ya ɗauke ana tsakiyar kallo. Ta buɗe jerin tana tafiya, sai ta tsaya cak a tsakar gida. Ta juya da gudu ta yi kicin. Gidaɗo ya ji cokali ya daina motsi a kasko, ya ji Hure ta ce la'ilaha illallahu a hankali, sannan ya ji takun Haulat ta nufi ɗakin yayarta. Ya rarumi wani tsohon rediyo da ya riga ya gyara tun shekaranjiya, ya hau kwance masa noti.

An ɗan jima kafin Ummi ta fito. Ta yi sallama a bakin zaure, ta durƙusa nesa da shi kamar kullum, da waya a hannu. A saman jerin, sama da Zauren Malam Dabo da Gidan Mai Goro, an rubuta Halimatu Sa'adiyya. Idonta ya yi ja.

"Baba, yana tambayar lambar sirri."

"Ranar haihuwarki ce," in ji shi, yana kallon rediyo. "Rana, wata, shekara."

Ta danna tara ga watan shida, kamar yadda yake a duk takardunta tun daga firamare har jami'a. Aka ce ba daidai ba. Ta sake a hankali, aka sake hana ta. Ta ce Baba bai shiga ba, ko an yi kuskure wajen sawa. A ranta ta riga ta yanke cewa bai san ranar ba ne, ya dai yi kirdado, kuma ta shirya yafe masa wannan.

"Mi kika sa?"

Ta faɗa masa. Ya girgiza kai.

"Wannan ranar suna ce. Ita baffanki Idi ya sani, ita ya ba masu takarda. Ki koma baya kwana bakwai."

Ya ci gaba da juya notin da ya riga ya kwance, yana magana da rediyon. Ya ce biyu ga wata ne, ranar Laraba, bayan la'asar kaɗan. Ya ce ranar aka yi ruwan farko na shekarar. Mata sun cika gidan, ba halin ya shiga, ba halin kuma a gan shi yana jira, sai ya zagaya bayan katanga ta wajen kwata ya tsaya. Tun azahar yake nan a tsaye, ruwa ya jiƙa shi har cikin aljihu. Ya ce ungozoma ma ba ta riga shi jin kukan ba, tare suka ji.

Ummi ta sunkuyar da kai tana dannawa. Ta ɓata sau biyu don ba ta ganin lambobin sosai. A na uku wayar ta kama. Ba ta tashi ba. Ta matso har gefen tabarmar, inda ba ta taɓa zama ba tun da ta yi wayo, ta goge fuska da bakin mayafi.

"Amma Baba, har yanzu ba ka faɗa ba."

Gidaɗo ya ajiye sukudireba. Karo na farko ya ɗago ya dube ta sosai, ya ga goshin mahaifiyarsa da hancinta, ba abin da aka rage.

"Bakina ba zai iya ba, sunan uwata ne. Ko na rantse maki zan gwada, ƙarya zan yi." Ya nuna titi da haɓa. "Amma duk wanda ya bi ta ƙofar nan daga yau zai karanta, ya san gidan wa ya wuce. In kin gama abin da ya kai ki, ki dawo gidanki."

Ta ce to, Baba. Ya miƙo mata bayan rediyon ya ce ta riƙe masa nan, kada ya zame. Ta riƙe, ya shiga mayar da notin ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba.